Na sa ƙwayayen LED a motata, wuta ta rikice: ina mafita?

Alhaji Garba, Agege

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar mota, domin na jefa kaina cikin wani al'amari da ban san ta inda zan ɓullo masa ba. Motata Toyota Camry ce ƙirar 2009, tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, wadda takardunta suka nuna daga Kanada ta fito, kuma shekara huɗu ke nan tana hannuna ba ta taɓa ba ni ciwon kai ta ɓangaren wuta ba. Da yake ina fita daga Agege tun kafin asuba zuwa Mile 12, ga shi idanu ba kamar da ba, sai wani yaro mai shagon kayan mota ya ba ni shawarar in cire ƙwayayen fitilar gaba ɗaya in sa na LED, wai sun fi haske kuma ba sa shan batir. Na amince, ya canza manyan na gaba, da na sigina guda huɗu, da na burki, har da ƙananan da ke haska lamba.

Tun daga ranar sigina take ƙiftawa da sauri kamar ana korar ta. Fitilun da ke kamawa da kansu da rana suna rawa, wani lokaci ɗaya ya mutu ya dawo. Idan na kunna manyan fitilu rediyo sai ta cika da ƙara, har labaran safe ba na iya ji. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne masu tahowa suna ta danna mini ful, alhali ni a dim nake. Yaron ya ce in kawo ya yanka waya ya ƙara wani abu, wani kuma ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu. Ban yarda a sa wa motar almakashi ba sai na ji ta bakinku.

Malam Shehu mai wayarin, Mushin

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ku kwantar da hankalinku, ƙwaƙwalwar motarku lafiyarta ƙalau, kuma kada ku bari kowa ya kwance ta. Saurin ƙiftawar sigina aiki ne da aka koya wa motar tun daga masana'anta. Ƙwan sigina na asali yana cin wat 21, kuma rilen da ke sa shi ƙiftawa yana lura da yawan wutar da ke wucewa ta cikinsa. Idan ƙwai ɗaya ya mutu, wutar da ake ja ta ragu, sai rilen ya ninka sauri domin direba ya gane cewa akwai ƙwan da ya ƙone a waje inda ba ya gani. To ƙwan LED na sigina 'yan wat kaɗan yake ci, don haka a wurin rilen tamkar babu ƙwai a soket ɗin, shi ya sa yake ta yi muku kashedi.

Abin da muke yi a gareji shi ne mu haɗa resista mai om 6, wat 50, a kan wayoyi biyun kowane ƙwai, ita ta sha wutar da tsohon ƙwan yake sha, sai rilen ya gamsu. Shi ne abin da yaron yake nufi, kuma na yi wa motoci da dama haka ba a dawo mini da ƙorafi ba.

Injiniya Kabiru, Ikeja

Malam Shehu ya faɗi dalilin daidai, babu abin da zan ƙara a kai. Amma da izininsa, ban goyi bayan resista a kan wannan motar ba. Mu yi lissafi a fili. Idan inji yana aiki, wutar mota tana kusan bolt 14. Bolt 14 a kan om 6 yana ba da amfiya 2.3 da ɗoriya, wato kimanin wat 33 ke nan da resista ɗaya take mayarwa zafi zalla duk lokacin da siginar ta kama. Ashe ragin cin wutar da aka sayi LED dominsa ya tafi, har ma an ɗan fi cin na da. Zafin kuma ba na wasa ba ne, domin resistar tana iya ƙona yatsa, tana iya narkar da robar waya ko kafet ɗin but idan aka manna ta da salatif aka cusa ta a lungu, wanda kuwa haka akasarin yara suke yi.

Za a ce ai sigina na ɗan lokaci ce. A wani garin haka ne, amma mu nan mun san halinmu: da zarar ruwa ya tsuge a kan hanyar Apapa zuwa Oshodi ko a kan Gadar Third Mainland, kowa ya danna hazad, kuma yana iya shafe sa'a guda cikin cunkoso fitilun huɗu suna ta ƙiftawa. Resista huɗu ke nan suna gasuwa a lokaci ɗaya.

Toyota da yawa na waɗannan shekaru suna da rilen sigina mai ƙafa takwas a ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. Ana sayar da irinsa wanda aka yi domin LED, wanda bai damu da yawan wutar da ake ja ba, kuma a kasuwar kayan mota ta Ladipo ana samunsa. A zare tsohon a cusa sabon, ba a yanka waya ko ɗaya ba, kuma duk ranar da Alhaji ya so komawa yadda yake sai ya mayar da nasa.

Malam Shehu mai wayarin, Mushin

Injiniya, lissafinka gaskiya ne, kuma na yarda cewa inda akwai rile mai zaruwa shi ya fi tsafta. Sai dai ni ban taɓa manna resista da salatif ba. A jikin ƙarfen mota nake ɗaure ta da noti, nesa da roba, ƙarfen ya riƙa kwashe zafin, kuma haɗin wayar da dalma nake yi, ba na amfani da waɗancan 'yan maƙalan roba masu cizon waya da ke zuwa cikin kwalin, domin damina ɗaya ta Legas ta ishe su yin tsatsa.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa Alhaji tsakani da Allah, wanda ya shafi hanyata da taka baki ɗaya. Ko resista aka sa ko sabon rile, an toshe wa motar baki ne. Daga ranar, idan ƙwan sigina na baya ya mutu, babu abin da zai sanar da shi, zai ci gaba da jin ƙas-ƙas ɗinsa daidai a ciki alhali mai danfon da ke bayansa bai ga komai ba. Dole ya riƙa zagaya motar da kansa lokaci zuwa lokaci. Sannan kada mu manta ba kowace mota ce ke da rilen da za a zare ba. Motocin Jamus da sababbin motoci da yawa, kwamfutar da ke kula da fitilu ce take yin aikin ƙiftawar da kanta, a nan babu abin da za ka saya ka cusa.

Hajiya Maryam, Ikorodu

Sannunku da ƙoƙari. Maganar Malam Shehu ta ƙarshe ta faɗo kan tawa matsalar. Mercedes ce ƙaramar nan ta C-Class, ɗana ya sa mata ƙananan ƙwayayen LED a fitilar fakin da ta lamba. Tun daga nan allon gaban direba yake rubuta cewa ƙwai ya mutu, alhali ga shi yana ci ƙiri-ƙiri. Wani abin mamaki kuma, idan na murɗa makulli, ƙwayayen sukan yi walƙiya sau da yawa tun ban taɓa makunnin fitila ba. Ɗan nawa ya ce an rubuta kanbas a jikin kwalin, don haka bai kamata a samu matsala ba. Mene ne wannan kanbas ɗin, kuma walƙiyar ba za ta lalata wani abu ba?

Injiniya Kabiru, Ikeja

Hajiya, barka da warhaka. Kalmar ta samo asali ne daga wani tsari da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986, wanda ke ba kwamfutocin da ke cikin mota damar yin magana da junansu ta wayoyi biyu kacal, kuma Mercedes ta fara amfani da shi a babbar motarta S-Class ta 1991. Amma ƙwan fitila ba ya cikin masu wannan magana, ba ya aikawa da saƙo kuma ba ya karɓa. Idan mai sayarwa ya rubuta kanbas a kwali, abin da yake nufi kawai shi ne ya saka 'yar ƙaramar resista a cikin ƙwan domin ya ɗan ƙara cin wuta. Ƙwan fakin na asali wat 5 yake ci. Idan resistar da ke cikin naku ba ta kai shi kusa da haka ba, kwamfutar za ta ci gaba da cewa ya mutu, komai aka rubuta a kwalin.

Walƙiyar kuwa gwaji ne. Motar tana tura wuta ta ɗan ƙanƙanin lokaci zuwa kowane ƙwai domin ta tabbatar yana nan. Zaren tsohon ƙwai yana buƙatar lokaci kafin ya yi zafi ya ba da haske, don haka gwajin yakan wuce ba wanda ya gani, shi kuwa LED nan take yake kamawa, shi ya sa kuke ganin abin da aka daɗe ana yi a ɓoye. Ba zai ƙona kwamfutar ba. A wasu motocin mai na'urar bincike yana iya shiga ya sanar da kwamfutar cewa LED ne a wurin, ta daina gwajin. Amma idan za ku ji shawarata, fitilar lamba da ta fakin ba su cancanci wannan wahala ba. Ku mayar da ƙwayayen wat 5 ɗinku, allon ya yi shiru, kuma ranar da ya sake yin magana ku san gaskiya yake faɗa.

Baba Lawal, Apapa

Ni dai tsohon direba ne, ban yi karatun lantarki ba, amma na fara riƙe sitiyari tun ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba a 1972, don haka ku yi haƙuri da ni. Duk kuna ta maganar sigina da allo, kun bar babbar maganar da Alhaji ya faɗa a ƙarshe, cewa mutane suna danna masa ful. Alhaji, waɗannan mutane ba gaisuwa suke yi maka ba, kashe musu ido kake yi. Duk wanda ya bi hanyar Legas zuwa Ibadan da dare a 'yan shekarun nan ya san azabar farar fitilar nan. Takan doke ka a ido, ta wuce, ka yi tafiyar daƙiƙa biyu ko uku ba ka ganin komai, kuma a cikin wannan duhun ne ake samun tirelar da ta lalace ba alama, ko mai tura baro a gefen titi. Wanda ya sa fitilar yana murna yana gani, na gabansa kuwa ya makance, kuma su biyun a titi ɗaya suke.

Bari in ƙara muku da abin da ya faru da ni. Ina da wata tsohuwar Volkswagen, irin wadda ake yin danfo da ita. Wani yaro ya canza mini ƙananan ƙwayayen dashbod zuwa LED domin su yi kyau, har da jar fitilar batir. Bayan kwana biyu batir ya kwanta. Muka sayi wani, shi ma ya kwanta. Aka kwance altaneta aka gwada, lafiya lau. Sai da wani dattijon mai wayarin ya duba ya ce a mayar da ɗan ƙwan nan na asali, domin a tsofaffin motoci ta cikinsa ne wutar da ke tayar da altaneta take bi kafin ta fara caji, LED kuwa ba ya barin isasshiya ta wuce. Ɗan ƙwan da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya ci mini kuɗin batir. Masu manyan motoci kuma su sani wutarsu bolt 24 ce, ƙwan da aka yi domin bolt 12 kaɗai ba zai kwana a ciki ba.

Mubarak, Idi-Araba

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku abin dubawa ce. Amma ina ganin kada a ɗora wa LED laifin gaba ɗaya. Ni sana'ata ɗaukar fasinja ce ta manhajar waya, kuma rabin aikina da dare ne. Kusan duk sababbin motocin da ake fitowa da su yanzu da LED suke zuwa, kuma abin ya daɗe, domin Lexus LS 600h ta zo da shi a dim tun 2007. Da yana da illa da kamfanonin ba su rungume shi ba. Tsohon ƙwai ja ne, yana mutuwa da wuri, kuma a titunan cikin unguwa inda babu fitilar kan hanya, ramuka sai ka faɗa ciki kafin ka gan su.

Injiniya Kabiru, Ikeja

Mubarak, ƙanena, kai da Baba abubuwa biyu daban kuke magana a kai. Fitilar da ta zo da LED daga masana'anta an ƙera gidanta da madubinta da hanyar sanyayarta duka domin LED ɗin. Abin da muke yi a nan shi ne cusa ƙwan LED cikin gidan da aka auna domin zaren halojin, wato tsohon ƙwan na asali. Wannan zare siriri ne, gajere, yana zaune a wani gurbi da aka ƙayyade da ma'aunin milimita, kuma yana fitar da haske ta ko'ina a kewayensa. Madubin da ke bayansa an lanƙwasa shi ne domin ya tattara hasken da ke fitowa daga wannan gurbin, ya kwantar da shi a kan titi, ya yanke shi daga sama. Ƙwan LED kuwa allo ne mai fuska biyu da kauri a tsakani. Idan ƙwayoyin haskensa ba su zauna daidai inda zaren yake zama ba, ko allon ya yi kauri da yawa, madubin zai watsa hasken sama da gefe. Direban yana ganin bango da bishiyoyi da allunan talla sun yi fari fat, sai ya ɗauka ya samu haske, alhali abin da ke sauka a kan kwalta can nesa ya ragu.

Shi ya sa a Jamus, da suka fara halatta irin wannan ƙwai a 2020, ba su ce kowa ya sa a kowace mota ba. Ƙwan kamfanin Osram ne, samfurin da ake kira H7, kuma an amince da shi ne ga jerin motocin da aka gwada shi a cikin fitilunsu ɗaya bayan ɗaya. Game da lambobin da ake bugawa a kwali kuma, ƙwan halojin na H7 lumen 1,500 yake bayarwa (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), don haka idan ka ga ɗan ƙwai mai fanka kamar ta kwamfuta an rubuta masa dubu ashirin ko talatin, ka san talla ce.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Alhaji ya sami fili mai shimfiɗa da bango da dare, ya matso da motar jikin bangon, ya yi alama da alli daidai tsayin tsakiyar kowace fitila, sannan ya ja baya mita 10 ya kunna dim. Ya kamata ya ga haske mai iyaka a sama kamar an ja layi, kuma layin ya sauka ƙasa da alamar da kimanin santimita 10. Idan layin yana nan amma ya hau sama, sai a daidaita da notin da ke bayan fitilar. Idan babu layi sam, haske ne kawai a warwatse, a fara duba zaman ƙwan, domin fuskokinsa biyu ya kamata su kalli dama da hagu, kada ɗaya ta kalli sama ɗaya ƙasa. Idan an gyara zaman kuma layin bai fito ba, ƙwan bai dace da gidan ba, babu notin da zai gyara shi.

Akwai kuma batun launi, wanda ya shafe mu sosai a watannin Yuni da Yuli, lokacin ruwan sama. A ma'aunin launin haske, halojin yana wajen kelbin 3,200, yawancin LED na kasuwa kuwa 6,000 zuwa 6,500 ne, fari mai sirkin shuɗi. Direbobi da yawa sukan ce a kan jiƙaƙƙiyar kwalta farin nan kamar ɓacewa yake yi, ga ɗaukar ido idan ya doki ruwan da ke zuba. Mai son LED ya nemi wanda bai kai haka fari ba.

Alhaji Garba, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarku ta shige ni, domin ni ma na sha yin Allah ya isa ga masu irin wannan fitila, ban san na shiga sahunsu ba. Zan yi gwajin bangon yau da dare. Saura rawar fitilar rana da ƙarar rediyo, waɗanda har yanzu ba a taɓo ba.

Malam Shehu mai wayarin, Mushin

Alhaji, amsar rawar tana cikin takardun motarku. Ƙasar Kanada ta wajabta wa sababbin motoci fitilar rana tun ƙarshen 1989, kuma hanyar da Toyota da Honda suka bi a motoci da yawa ita ce su kunna ƙwan ful, wato 9005 a irin taku, amma da ragaggiyar wuta domin kada ya yi ƙarfi. Wasu motocin rage bolt ɗin suke yi, wasu kuma suna yanka wutar suna mayarwa da sauri sosai. Zaren halojin bai damu ba, sai dai ya yi haske kaɗan. Shi kuwa LED yana da 'yar na'ura a bayansa da ke buƙatar wuta cikakkiya kuma tsayayya, idan ba ta samu ba sai ta riƙa kamawa tana saki, fankarta ma ba ta juyawa yadda ya kamata, kuma wannan yana rage wa ƙwan kwana. Ana sayar da wani ɗan akwati da ake sakawa tsakanin soket da ƙwai domin ya daidaita wutar, wani lokaci ya yi aiki wani lokaci bai yi ba, kuma idan ya yi, yakan mayar da fitilar ranar ta zama ful sosai, ku riƙa kashe wa mutane ido da tsakar rana. Ni a ganina ku mayar da halojin a gurbin ful kawai, magana ta ƙare.

Ƙarar rediyo ma daga waccan 'yar na'ura take. Tana yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma idan masu ƙera ta sun yi rowar kayan tace ƙara, wayoyin fitilar sai su zama kamar eriya suna watsa hayaniya. Na taɓa ganin motar da rimot ɗinta ya daina buɗe ƙofa daga nesa idan fitila na kunne saboda haka. Akwai zoben baƙin ƙarfe da ake maƙalawa a wayar kusa da ƙwan, yakan rage, amma ƙwai mai kyau shi ne maganin.

Kafin a taɓa komai dai, a sa mita. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 idan mota na kashe, idan inji ya tashi kuma tsakanin 13.8 da 14.4. A duba wayar at ta fitilun, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, inda aka ɗaure ta a jikin mota, domin iskar Legas mai gishiri ce, tsatsa tana cin wurin, kuma at mara kyau yana kawo rawar fitila da mutum zai rantse laifin ƙwai ne. A duba akwatin fis a tabbatar yaron bai sa wanda ya fi na asali girma ba, ko ya naɗa waya a madadinsa. Sannan ku leƙa bayan fitilun ku gani ko ya cire wani marfi ko roba domin fankar ta samu wuri, saboda idan an bar wurin a buɗe, ruwa da ƙura za su shiga, gilashin ya yi gumi daga ciki, madubin ya dushe, kuma gidan fitila ya fi ƙwai tsada nesa ba kusa ba.

Mubarak, Idi-Araba

Malam, na yi gwajin bangon a tawa motar bayan na karanta bayanin Injiniya. Layin yana nan, amma na hagu ya hau sama da alamar da kusan tafin hannu. Na sauke shi. Wata takwas ke nan ina yawo da shi haka.

Alhaji Garba, Agege

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan kwana shida, kamar yadda ya kamata. A bango babu layi ko kaɗan a fitilar dama, da muka buɗe sai muka tarar an sa ƙwan a karkace, fuska ɗaya tana kallon sama. Da aka juya shi layin ya fito, aka sauke duka biyun, kuma tun daga ranar mutum ɗaya ne kawai ya danna mini ful. Na mayar da halojin a gurbin ful, rawar ta tsaya. An samo rile mai ƙafa takwas an sa, sigina ta koma daidai, ba a yanka waya ko ɗaya ba. Caji yana nuna 14.1, amma wayar at ta gefen hagu ta yi tsatsa, an kankare ta an ɗaure.

Wani abu kuma ya fito wanda ban kawo shi a farko ba saboda ban san da shi ba. Da na sa yarona ya taka burki ina tsaye a baya da fitilu a kunne, sai na ga bambancin hasken fakin da na burki kaɗan ne ƙwarai, wanda ke biye da ni da ƙyar zai gane na tsaya. Nan take na sa aka mayar da tsofaffin ƙwayayen burkin. Rediyo ta ragu da ƙara bayan an sa zoben, amma ba ta daina gaba ɗaya ba, musamman idan tashar ba ta da ƙarfi.

Malam Shehu mai wayarin, Mushin

Madalla, Alhaji. Abin da kuka gani a burki sananne ne: ƙwan asali zare biyu gare shi, na wat 5 domin fakin da na wat 21 domin burki, ratar da ke tsakaninsu ita ce take faɗakar da na baya, kuma LED masu araha ba sa kiyaye wannan rata. Ragowar ƙarar rediyon daga ƙwayayen dim take, ba za ta tafi ba sai ranar da kuka canza su da waɗanda suka fi su inganci. Ku ajiye tsohon rilen da tsofaffin ƙwayayen dim ɗinku na H11 a cikin mota, a naɗe cikin tsumma kada yatsa ya taɓa gilashin, domin idan fankar LED ta tsaya a hanya da dare su za ku mayar. Bayan ruwan sama na farko kuma ku duba gilashin fitilun da safe, idan kun ga gumi a ciki ku kawo ta a toshe bayan.